Jelar Saniya a Injin Awara

Sallama gare ku masu karanta ni a waya, har da waɗanda suka laɓe a bayan ofis suna karantawa a lokacin aikin gwamnati. Allah ya shirye ku. Sunana Amatullahi, 'yar Malumfashi, kuma tun kafin mu yi nisa bari in sallami masu cika mini waya da tambaya ɗaya. A'a. Ba zan faɗa muku abin da ke cikin durom ɗin ba. Na san a cikinku akwai masu walda, akwai matan masu walda, akwai kuma waɗanda ba su da wata sana'a sai kwashe ta wani. Ku karanta labari, ku ƙyale durom.

Ga wanda bai san zancen ba: Innata awara take yi ta sayarwa tun ina goye. Mai cin awara da yaji a bakin titi yana lumshe ido bai san wata baiwar Allah ta durƙusa tana murɗa ƙyalle, tana matse markaɗen waken suya har yatsunta sun ƙage ba. Tatar ita ce azabar sana'ar. Da na gama difloma na dawo gida jiran aikin da har yau bai gane hanyar gidanmu ba, sai na ɗauko ƙafar tsohon keken ɗinkin Inna na haɗa ta da wani ƙaramin durom. A zuba markaɗe ta sama, a taka kamar mai ɗinki, madara ta fito ta nan, dusa ta faɗo ta can a bushe. Ba ni na fara matatar inji ba, amma duk wadda na taɓa gani ciwonta ɗaya: raga ta toshe, a tsaya a wanke, a sake. Tawa ba ta toshewa. Dalilin da ya sa ba ta toshewa shi ne duk abin da na mallaka a duniya, in ban da akuya ɗaya mai baƙin hali.

Takardar gwamnati da za ta shaida cewa ƙirar tawa ce, wadda in wani ya kwaikwaya zan maka shi kotu, ba ni da ita. A Abuja ake nemanta, a daɗe ana jira, a kashe abin da akuyata ba za ta biya ba ko da za a sayar da ita sau biyu. Don haka na yi abin da zan iya. Ƙafafun da durom ɗin ke tsaye a kansu a nan garin aka yi mini, durom a Funtua, kayan cikin kuwa na kai wa wani mai walda a Dayi, Jibo, gutsure-gutsure, na ce masa kejin zomo nake haɗawa. Ya dubi ƙarafan ya dube ni ya ce, "Hajiya, wannan zomon naki yana da aljanu?" Na haɗa komai a ɗaki ƙofa a kulle, na rufe murfin, sannan na sa aka liƙe shi da walda. Ko wankinsa da ruwan zafi ake yi, a zuba a taka.

Sai Mansur ya shigo.

Mansur dillali ne na wani kamfanin ƙera injinan noma da ke Kaduna, wanda ba zan faɗi sunansa ba, a reshensu na Funtua. Dogo ne, baƙi, mai fararen haƙora, shaddarsa kullum da karin guga kamar za ta yanka mutum, ga jan babur na kamfani da yake goge shi da hankici kafin ya goge fuskarsa. Awara ya tsaya saye a ƙofar gidanmu. Aka ce a jira ana tata, ya ce tata a wannan lokacin? Aka ce ai inji ne. Ya roƙi Baba ya leƙa. Ya ga injin, ya gan ni a kansa ina takawa da tsohon zanen Inna da ɗankwali a karkace. Bayan sati ya dawo zance.

Har yau ban san wanne ya fara gani ba, ni ko durom. Wannan shi ne ciwon.

A yi masa adalci, bai ɓoye ba. Ya ce kamfaninsu zai iya sayen ƙirar, a yi ta dubbai, kowace mai awara daga nan har Zariya ta huta. Ya ce ya yi wa manajansu magana, Alhaji Sada, wanda kuma mijin gwaggonsa ne, Hajiya Ummi. Ta nan ya samu aikin, ba sai na yi muku bayani ba, ƙasar nan kuke zaune.

Na kira ƙawata Rukayya, lauya ce a Funtua. Tana kotu, sai ta turo saƙon murya tana haki a kan matakala:

"Amatu, saurara da kyau. Ki nuna musu abin da yake yi, kada ki nuna musu yadda yake yi. Kafin a yanke waldar nan sai sun sa hannu gaban shaidu cewa abin da za su gani amana ne, ba za su ƙera ba, ba za su faɗa wa kowa ba, sai da yardarki da rabonki. Kada ki ɗora hoton cikinsa a waya, in duniya ta riga ta gani ko Abujar ba za ta ba ki takarda ba. Kuma saurayin naki ban cire shi ba. Na san shi, kyakkyawa ne. Shi ya sa."

Inna kuwa wata kotun ce daban. Tana yanka awara a faranti, ko ɗagowa ba ta yi.

"Ki buɗe musu mana. Mene ne a ciki, zinariya?"

"Inna, in na buɗe sun gani, me kuma za su saya?"

"Ke za a saya, don gidanku. Sa'anninki suna kai 'ya'ya firamare, ke kina nan kina auren durom. In yaron nan ya aure ki ai da ke da injin duk gidansa za ku cikin kayan ɗaki. Ranar ma za ki hana shi leƙawa?"

Maganar ta shige ni. Wato akwai hanya mai sauƙi da kamfani zai samu ƙirata ba lauya ba takarda: a ɗaura aure, a ɗora injin a mota tare da gado da kwanuka, har da guɗa.

Kakata, wadda kowa ke kira Tsohuwa, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana daka goro a ɗan turminta, don haƙoran sun daɗe da yin ritaya. 'Yar Ƙarfi ce, a can aka haife ta tun mutanensu ba su fara salla ba, kuma har gobe in ta fusata rantsuwarta sai an yi mata istigifari. Ita kaɗai ce na taɓa niyyar faɗa wa sirrin, ta toshe kunne ta ce, "Kul! Bakin da ba haƙora komai zubewa yake."

Da Inna ta shiga madafa, ta yafito ni.

"Kin san kakanki yana da wata dawa da duk Ƙarfi ba mai irinta? Kowace shekara sai ya ga irin ya ragu a rumbu, kowa kuma rantsuwa yake. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya ɗebi iri ya sa na ɗan soya shi a tukunya, sama-sama, yadda ido ba zai gane ba, ya mayar bakin rumbu. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Sai ya saɓa sandarsa yana zaga gonakin dangi yana sannu da aiki. Gonar da ya tarar da wani yanki fayau ba tsiro, ya san mai shi."

"Wa ya kama?"

"Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ke ma ki soya musu iri. Kowa nasa daban, ki ga gonar wa za ta fito fili."

To ni dai ga ra'ayina, in faɗa muku ba kwana-kwana: ƙarya haramun ce, yi wa uwa ƙarya kuma ya fi muni, kuma duk yarinyar da ta karanta wannan ta je ta gwada a gidansu alhakinta a wuyanta. Ni na yi. Na samu Inna tana jiƙa wake, na rage murya na ce, "Inna, ke uwata ce, ba zan ɓoye miki ba. Gashin jelar saniya ne na saƙa a jikin ragar. Shi yake share dusar. Don Allah kada kowa ya ji."

Ta dafe ƙirji. "Ni? Wa zan faɗa wa? Kin taɓa jin maganar gidan nan a waje?"

Unguwarmu kaf ta san ranar da Baba ya faɗi a banɗaki, amma na ce a'a.

Mansur kuma ya zo ranar Juma'a bayan la'asar, farar shadda, hula zanna mai ruwan goro, turarensa ya riga shi shiga zaure. Na saka atamfata koriya mai zanen ganye da mayafi ruwan madara, na yi jan baki kaɗan don ƙaryar ta samu abin hawa. Na bari ya gama labarin tayar babur ɗinsa, sannan na sunkuyar da kai.

"Malam Mansur, zan ba ka amana."

"Amatu, in ta injin ce ki riƙe abinki. Ban tambaya ba."

"Na sani, shi ya sa. Ƙwallon goruba ne a ciki. Suna yawo a durom suna dukan raga, dusa ba ta samun wurin zama."

Sai ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce, "Wallahi ko da wuƙa a wuyana." Na ce a raina, duk haka kuke cewa, har ranar da za a nuna muku kujerar mataimakin manaja.

Ranar da kamfani zai zo, gidanmu ya tashi kamar ana suna. Baba ya saka babbar rigarsa ta Idi, ya shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakar gida, ya kori akuyata zuwa maƙwabta. Inna ta soya awara da ƙwai, ta dama kunun aya, ta shige ɗaki ta saki labule ta bar ido ɗaya a waje. Matan maƙwabta duk sun tuna suna da shanya a jikin katangarmu. Ni kuwa da na fito cikin leshina ruwan hoda, sai na tarar da injina a lulluɓe da mayafin bikin Inna mai duwatsu, an kunna masa turaren wuta a ƙasa, Tsohuwa na zaune a gefensa kan kujera 'yar tsugune da mafici a hannu.

Alhaji Sada ya shigo da sallama, ƙato, fari, rigarsa tana sharar ƙasa. Bayansa wani siririn injiniya mai tabarau, Kabiru, sai Mansur a ƙarshe yana ta gyara hula. Aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi masara, aka zagi tsadar taki. Sai Alhaji ya nuna lulluɓin.

"Mama, wannan kuma fa?"

"Amarya ce," in ji Tsohuwa. "Ku kun zo gani ne. Za ta yi muku aiki ku ga tarbiyyarta. Buɗe ciki kuwa sai an ɗaura."

Alhaji ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Na yaye mayafin, na zuba markaɗe bokiti guda, na zauna na fara takawa. Madara ta ɓalle fara tas cikin baho. Dusa ta riƙa faɗowa a bushe, Alhaji ya damƙa a hannu ya matse, ko ɗigo. Na ƙara bokiti, na ƙara wani. Injin bai ko yi tari ba. Dariyar Alhaji ta ragu. Injiniya Kabiru ya durƙusa ya manna kunne a jikin durom, ya fara ƙwanƙwasa shi da yatsa yana bin layin walda.

Tsohuwa ta sauke masa mafici a hannu, tas.

"A garinku haka ake taɓa ɗiyar mutane?"

"Yi haƙuri, Mama."

"Ka ji muryarta, ka ga aikinta. Saura me, ka ɗaga mata zane?"

Baba ya yi tari ya dubi sama. Bayan katanga wata ta ƙyalƙyale.

Na miƙa takardar da Rukayya ta rubuta. Alhaji ya karanta har ƙasa, ya naɗe ta, ya ajiye a tabarma a hankali.

"Ɗiyata, aikinki ya yi kyau, ba zan rage miki ba. Amma kamfani ba ya sa hannu a kan abin da bai gani ba. In na sa hannu, aka yanke waldar nan, ya zamana abin da yaranmu ke kai ne tun bara, kin ga kin ɗaure mu a kan kayanmu. Ki buɗe mu gani. Mu Musulmi ne, kuma ga zumunci yana shirin ƙulluwa."

Ku ji ni da kyau, rabin maganarsa gaskiya ce, kuma shi ya sa ta fi ƙarya haɗari. Ba zai saya bai gani ba, ni kuma in ya gani ba ni da abin sayarwa. Amma Musuluncin da ya ambata shi ne ya ce in za a yi ma'amala a rubuta a kafa shaidu. Duk wanda ya ce maka ku bar rubutu ai ku 'yan'uwa ne, ka duba aljihunka.

"Ranka ya daɗe," na ce, "in yaranku suna kan irinta, ku kawo taku a ajiye kusa da tawa, a zuba musu markaɗe ɗaya. In taku ba ta toshe ba, na yafe, ku tafi da ita lafiya. In ta toshe, kun ga ba abu ɗaya ba ne, sai ku sa hannu."

Ya yi murmushin mutumin da ya riga ya ci abinci a gida kafin ya zo biki. "Za mu duba," ya ce, ya kai hannu ga awara.

A nan ne injiniya Kabiru, wanda tun ɗazu yake shinshina bututun madara, ya ɗago da fuskar mai neman ilimi tsakani da Allah.

"Ni dai Alhaji, abin da ya ɗaure mini kai, ya ake yi gashin jelar saniyar ba ya wari cikin ruwan zafi?"

A bayan labule wani kofin silba ya faɗi, ya yi ta gangarawa har tsakar gida, ya tsaya a gaban Baba.

Alhaji ya watsa wa injiniyan wani kallo da ya isa ya soya awara. Ni kuwa Mansur nake kallo. Ya yamutsa fuska. "Jelar me?" ya ce. Na ga laɓɓansa sun tattaru za su ce goruba, sai ya haɗiye ta da ƙarfi har maƙoshinsa ya motsa, ya cusa awara a baki. Alhaji ma ya gani. Ku riƙe wannan.

Motarsu ba ta gama juyawa ba na ɗaga labulen.

"Inna."

"Na faɗa!" Ko kunya. "Na faɗa, sai me? A gidan suna muka haɗu da Hajiya Ummi, tana ta jero mini 'yan matan Funtua masu digiri da ke bin Mansur, wannan ɗiyar wane, waccan ubanta ya ba ta mota. Mata sun zuba mini ido. Me zan ce tawa ɗiyar ke da shi? In ce ta iya taka keke? Na ce mata tawa da kanta ta ƙera abin da maza suka kasa, da jelar saniya ma kuwa. Suka yi shiru, wallahi kowa ta yi shiru." Muryarta ta karye a nan. Ta dubi yatsunta da suka ƙage, ta ɓoye su cikin zane. "Na ɓata miki, ko?"

Na so in rungume ta in ce Inna ba komai, irin soyayye ne. Sai na hango Tsohuwa a bayanta tana girgiza mini mafici. Gaskiyarta, in Inna ta ji yau, Hajiya Ummi ta ji gobe. Don haka na rufe fuska da mayafi na girgiza kafaɗa kamar mai kuka. Ranar har cinyar kaza aka ba ni. Na ci, na yi istigifari, ban warware ƙaryar ba.

Saƙon Mansur ya shigo kafin magariba:

"Jelar saniya!!! Amatu kin ga yadda na daure? Saura kaɗan in shaƙe. Bar su su yi ta yi. Mu da muka san gaskiya sai mu yi shiru."

Na karanta sau da yawa. Mu da muka san gaskiya. Gonarsa ta fito kore shar, ba fili ko taki ɗaya, kuma maimakon in ji daɗi sai na ji kamar na haɗiyi ƙwallon gorubar da kaina.

Kwanaki suka shuɗe, kamfani shiru. Sai labari ya fara zuwa daga Funtua cewa wasu masu fararen kaya suna bin kwata da sassafe suna sayen jela, har mahauta sun fara ɓoye ta suna ƙara mata kuɗi. Rukayya ta turo saƙon murya, rabinsa dariya ce: wai an saƙa raga a Kaduna, an zuba ruwan zafi, ma'aikata sun fice daga ɗakin gwaji da gudu, madarar kuma ta fito da gashi kamar an yi mata aski a ciki. Tsohuwa ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

Ranar Laraba da hantsi ina taka inji, wayata ta yi ƙara. Mansur.

"Alhaji ya kira ni ofis. Ya ce ya ga fuskata ran nan, ya san na san wani abu. Ya ce shi ya ɗauke ni aiki, shi ya riƙe gwaggona. Ko in faɗa masa, ko in ajiye makullin babur kafin azahar."

Na rubuta: "Faɗa masa goruba, ba komai." Na tsaya. In na tura, zai tambaye ni don me ba komai, kuma amsar ita ce na gwada shi kamar ɓarawon rumbu. Na goge. Na rubuta: "Ka jira, akwai maganar da zan faɗa maka." Na goge. Na rubuta "Malam Mansur" kawai, ina kallonsa. Inna ta ƙwala mini kira wai madarar da ke kan wuta tana zuba, na ajiye wayar a kan durom na ruga. Na zuba ruwan tsami, na jira ta haɗe, na kwashe a ƙyalle, na ɗora dutse. Ba wanda ya tilasta mini in tsaya ɗora dutsen nan, Inna na nan. Na tsaya ne don hannuna ya samu abin yi ban da waya.

Da na dawo, saƙo ɗaya ne.

"Na ajiye."

Ku masu cewa maza duk ɗaya ne, ga naku. Ni ma da bakina na faɗa, kuma na fi ku iya faɗa.

Da azahar Alhaji Sada ya kira Baba. Murya ta sauko, har da tambayar jikin Mama. Wai a gaya wa lauyar ta sa rana, kamfani zai sa hannu, a yanke walda gaban shaidu. Baba ya ajiye waya yana hamdala, Inna ta rangaɗa guɗa ba ta ma san dalilin da ya sa jelar ta ƙi aiki ba. Abin da na tsare ya tsaru. Ba wanda ya san cikin durom ɗina sai ni da Allah, kuma ga kamfani zai zo da ƙafarsa.

Na je na zauna a ƙofar Tsohuwa, na nuna mata wayar duk da ba ta karatu. Na faɗa mata.

Ta juya taɓaryar goronta.

"Kakanki dai ɓarawo ya soya wa," ta ce. "Bai taɓa faɗa mini abin da ake yi in mutumin kirki ya ɗauka ya shuka ba."

"To yanzu ya zan yi?"

"Ni na sani? Ni na ce ki yi jan baki?"

Bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Ba ƙarar babur. Na zura hijabi a kan kayan aikina, ko hoda ban shafa ba. Yana zaune a kan benci, shaddar nan mai kari ta yamutse a motar haya, takalmansa sun yi fari da tafiya daga tasha. Ya ga fuskata ya yi dariya.

"Haba, ranki ya daɗe, wa ya mutu? Babur ne fa. Dama kullum sai ya ci mini mai."

"Gwaggonka fa?"

"Ta ce kada in ƙara taka gidanta. Za ta huce, ko ba ta huce ba tuwonta dama gishiri ke masa yawa." Ya gyara zama, ya rage murya, ya leƙa ƙofa. "Amma in tambaye ki abu ɗaya, don dai in san abin da na bar aiki a kansa. Gorubar nan, ɗanya ake sakawa ko busasshiya?"

Jama'a, na shirya. Tun daga tsakar gida nake jera kalmomin: Malam Mansur, ka yafe mini, babu goruba. Na cika ƙirjina da iska. Na dubi idonsa, na ga mutumin da ya ajiye makulli saboda ni. Na kuma tuna waldar da ba a yanke ba tukuna, da hannun da Alhaji bai riga ya sa ba, da gwaggon da za ta huce wata rana ta kira shi cin tuwo. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, wallahi na buɗe.

"Busasshiya," na ce.

Ya buga cinya. "Alhamdu lillahi! Na ce ɗanya za ta ruɓe. Amatu, ba ruwanmu da kamfani, ni da ke za mu ƙera abinmu. Ɗan abin da na tara na auren nan na kai kasuwar Matazu jiya, tun da na ga take-taken Alhaji. Na ce wa masu ita ta kunun azumi ce, ba wanda ya gane."

"Ka kai kasuwa ka yi me?"

A waje wata a-kori-kura ta ja birki, ta danna hon, akuyata ta amsa. Direba ya leƙo zaure da hula a hannu, gumi na zuba.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan da za a sauke buhunan goruba?"